Taku Huɗu da Baya

Rigimar farko da Lombe Chisanga ya sha kaye a cikinta, a kan kaina aka yi ta. Kaina dai na bisa wuya, wanda ya sace da rana tsaka.

Kirsimetin 1969 ne, a kwatas ɗin mahaƙan tagulla na Luanshya. Ni na sayo gashin kanti daga Ndola, irin mai tudu kamar suri, shi kuma maƙwabcinmu Lombe ya sayo kyamara. Kowa da abin da ya haukata shi. Da aka taso daga coci na tsaya a gindin mangwaronsu, na rungume jaka, na karkata wuya yadda matan kalanda ke yi. Ya matso har ina jin ƙamshin man gashinsa, ya rufe ido ɗaya, ya danna. Ƙas! Sati uku ina jira. Ranar da hoto ya iso, ga riga, ga jaka, ga sarƙar wuya. Daga haɓa zuwa sama kuwa babu komai.

A bakin famfo na tare shi, a gaban mata.

"Kai mai cin biri, ina kaina?"

"Da kika zo ai ban ga kin zo da shi ba."

Mu Ngoni da su Bemba, ƙabilar Lombe, abokan wasa ne tun kakanni. Suna cewa muna cin ɓera, muna cewa suna cin biri, kuma babu maƙaryaci a cikinmu. Duk abin da na gaya masa ba shi da ikon yin fushi, shi ya sa na saki baki.

"Mun san ku da ɗauke kaji da awaki. Yanzu kun koma kawunan mutane?"

"Tikambenji, na rantse ta 'yar tagar nan na ga kanki, har da sheƙar tsuntsun da kika ɗora a kai. Tsalle kika yi."

"Da takalmi mai tsini zan yi tsalle?"

"Ɓera ne ya gifta. Ku in kun ga nama ai ba kwa iya tsayuwa."

Mata suka kwashe da dariya, na ga alama zan sha ƙasa. Sai ga matarsa Nsofwa, Maman Kangwa, ta fito da ambulan a hannu. Ta jera sauran hotuna goma sha ɗaya a kan dakalin wanki, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shanya kifi. Ga ƙanensa ba goshi. Ga ɗansu Kangwa rabi. Ga faston cocinmu da farin kwala da Littafi, shi ma iyakarsa wuya.

"Baban Kangwa," ta ce a hankali, "fasto ma ɓeran ya gani?"

Nan take mata suka yanke hukunci: ko ya ci gasasshen ɓera ɗaya a gabansu, ko ya ɗebo mini ruwa na sati guda. Ya zaɓi ruwa. Kwana bakwai ƙato mai fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa yana wucewa da bokitina, ya ja hular kwanonsa har hanci wai don kada a gane shi.

Kyamarar ba wata abar a zo a gani ba ce. 'Yar akwati ce ta baƙar roba da farin ƙarfe a fuska, ba ta fi sandar sabulu biyu ba, da igiyar rataya a wuyan hannu. Babu abin murɗawa, babu abin saitawa, in ban da ɗan maɓalli mai zanen rana a gefe ɗaya da gajimare a ɗaya gefen. Fim ɗinta a rufe yake zuwa cikin baƙin ƙwanso mai kumburi biyu, kamar kan tarho na 'yar tsana. Ka buɗe baya, ka jefa, ka rufe, ka ja ɗan hannun da babban yatsa yana kirrr, kirrr, har lamba ɗaya ta leƙo ta tagar baya. Hoto goma sha biyu ke ciki, daga nan sai a kai wa wani Ba'indiye a Ndola ya wanke. In a ɗaki ne, akwai ƙwan fitila mai fuska huɗu kamar dunƙulen sukari da ake dasa mata a ka. Ya yi walƙiya sau huɗu yana juyawa da kansa, ya ƙone, a yar. Masu ita sun ce ko wawa zai iya ɗauka da ita. Na ce wa Lombe ashe sun san wanda zai saya.

Amma dai ya gano ciwon. Tagar da yake leƙawa tana sama, idon da ke ɗaukar hoton yana ƙasa da ita, don haka in ka matsa kusa abin da ka gani daban, abin da ta gani daban. Maganin shi ne ka ja da baya taku huɗu, rana tana bayanka. Tun daga lokacin, duk wanda ya ji ana "ɗaya, biyu, uku, huɗu" a layinmu ya san Lombe ne ke tafiya da baya kamar mai ban kwana da sarki. Bai ƙara yanke kan kowa ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗaukar layin nan, bai taɓa karɓar ko ngwee ɗaya ba, wato ko kwabo: jarirai, amare, sabon keke, yaran da suka ci jarrabawa, tsohuwar da ta zo daga ƙauye a yi mata aikin ido. Hotunan duk murabba'i ne, da farin baki, da wata da shekara a gefe. Shi kansa ba ya cikin ko ɗaya, sai inuwarsa a ƙasa da gwiwar hannu a buɗe kamar zakara zai yi cara. Ku duba tsofaffin hotunan gidajenmu, za ku gan ta kwance a ƙafafun kowa.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, kuma da ita yake cin tuwo.

Nsofwa tana da dariya irin ta tsohuwar babbar mota da safiyar sanyi: ta ƙi tashi, ta yi tari biyu, in ta kama kuwa sai kwanuka sun amsa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ni shaida ce da kunne. Amma a shekarar farko ta aurensu ta tauna tsakuwa a cikin wake, haƙorinta na gaba ya karye rabi. Tun daga ranar, in dariya ta taso mata a gaban mutane, bakin zaninta ya riga ta isa baki. A gaban kyamara kuwa ko zanin ba ta buƙata. Sai ta tsaya ƙiƙam, ta haɗe leɓe, ta zuba mata ido kamar alƙali yana sauraron ɓarawon akuya.

Laifin na Lombe ne, don shi ya yi suɓul da baka tun ranar farko.

"To in ka ɗauka, sai me?" ta tambaye shi.

"Sai in kai ki Ndola a wanke."

"A wanke wa?"

"Ke mana. Akwai Ba'indiye, a ɗaki mai duhu yake yi, da ruwan magani."

"Ni? Matar aure? Baban Kangwa, ka sha wani abu ne?"

Sai da aka kira ni na yi bayani, ina yi ina riƙe ciki. Ta gane takarda ce ake wankewa, amma ba ta janye ba. Ta ce ko takarda ce, ai fuskarta ce wani namiji zai riƙe a hannu yana jujjuyawa a cikin duhu. Tsofaffin matan da suka yi mata huɗubar aure sun gaya mata akwai fuskar gida akwai fuskar baƙi. Ba'indiye baƙo ne. Fuskar baƙi zai samu.

Haka aka tafi. Yara suka girma suka watse, Kangwa ya zama malamin makaranta a Kabwe. Kantuna suka bushe, sabulu ma sai da layi, balle ƙwanson fim. Lombe ya koma sayen ɗaya a shekara, daga baya ɗaya a shekara biyu, sai in wani direba ya je Harare ya tuna da shi.

A 1991 likitan huhu na Kitwe, wanda ke duba mahaƙa duk shekara, ya ɗaga hoton ƙirjin Lombe a gaban fitila ya ce ya isa haka. Ƙurar dutse ta zauna. Aka rubuta masa ritaya, aka ba shi agogon bango na tagulla, aka ce nan da ƙarshen Yuni ya ba da makullin gida. Za su koma ƙauyensu kusa da Luwingu.

Wata safiya ina tuyar fanke a ƙofar gida, ya zo da gwangwanin biskit ya zauna a kan turmina. Ya buɗe. Hotunan Nsofwa ne zalla, arba'in da uku.

"Dubi nan, mai cin ɓera."

"Na gani. Wannan ranar ta yanke maka shekara biyar, wannan kuma goma."

Bai yi dariya ba. Ya yi tari, ya jira numfashi ya dawo.

"Jikokina biyu ne yanzu, sauran ba za su same ni ba. In sun buɗe gwangwanin nan me za su ce? Za su ce kakarsu muguwa ce, ko kuma kakansu dukanta yake yi. Shekara talatin da ɗaya ba a yi ranar da matar nan ba ta yi dariya a gidana ba, ko ranar da babu gishiri. Ba na son in tafi in bar ƙarya a gwangwani."

Na juya fankena, don ya fara ƙonewa, kuma hayaƙi ya shigar mini ido.

Ƙwanso ɗaya ya rage masa, na ƙarshe, don direban ya ce ko a Harare sai da ya zaga kanti shida. Yana cikin kyamara, lamba tara ce a tagar baya. Dama huɗu ke nan.

Lamba tara ni na ɓata ta. Na zauna da Nsofwa a rana ina kwaikwayon yadda matar fasto ke jan waƙa, dariya ta yi tarinta biyu, Lombe ya ɗaga kyamara, zani ya riga yatsansa. Ta goma ya ɓuya a bayan akurkin kaji, amma ya manta bai ja hannun ba tun da wuri. Kirrr ɗaya ta ji, ta juyo da fuskar kotu, shi kuma don ruɗewa ya danna. Ta sha ɗaya a ɗaki ya gwada, da ƙwan fitilar da ya ɓoye shekara shida, fuska ɗaya ta rage masa. Walƙiyar ta tashi, ta yi ihu ta jefe shi da ludayi. Ta gane abin da muke nema, ta kuma ce mu biyu mu ji kunya, tsofaffin banza.

Lamba goma sha biyu ta leƙo. Saura kwana uku mota ta zo.

"Tikambenji, ke da kike jin komai ta bango, me ya fi ba ta dariya?"

"Kai mana. Ranar da ka faɗa kwata da keke sai da na kai mata ruwa."

Ya juya yana kallon bayan gidansu, inda Nsofwa ta jiƙa rogo a babban baho tun jiya don ta tafi da shi ta yi gari a ƙauye. Wanda ya san warin ruwan jiƙon rogo na kwana huɗu ya san abin da nake nufi. Su Bemba kaɗai suka san dalilin da ya sa suke wa abinci haka.

Da ya gaya mini dabararsa, karo na farko a rayuwata na rasa abin tsokana.

"Lombe, Yuni muke ciki, tsakiyar sanyi. Ruwan nan da safe kamar ƙanƙara yake. Likita ya ce ka guji sanyi."

"Ba likita ba ne hoto ɗaya ya rage masa."

"A gaban dukan layi? Kai da yara ke ce wa shugaba a rami?"

"Ke dai ki ja baho. Taku huɗu, kin san tsawon ƙafata."

Ranar tafiya an loda babbar mota tun da sassafe: gado, keken ɗinki, kaji a kwando. Layi duk ya fito. Lombe ya sa kwat ɗin da ya karɓi ritaya da ita, da laktaye. Ya ce wa Nsofwa hoto ɗaya ya rage, a yi na ban kwana a ƙofar gida, ba wasa, ba dabara. Ta yarda. Ta ɗaura sabon kallabi, ya miƙa mata agogon tagullar ya ce ta riƙe a gaba don a san ya yi aiki. Agogon da nauyi, ga gilashi. Hannu biyu ta sa.

Ya riga ya ja hannun kyamara tun a ɗaki. Rana tana bayansa. Ni kuma ina bayansa da tabarmi a naɗe wai ina taya lodi, na jawo bahon da ƙafa na tare shi da tabarmar. Ban gaya masa ba, amma na juye butar ruwan zafi biyu a ciki. Kada ku ɗauka tausayi ne. In ya mutu a layinmu, mu abokan wasa ne za mu haƙa kabari, ni kuma bayana yana ciwo.

Nsofwa ta haɗe leɓe. Ya ɗaga kyamara.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Na janye tabarma.

"Huɗ..."

Ya tafi da baya gaba ɗaya. Ruwa ya yi sama, rogo ya yi tsalle, ƙafafu biyu da takalmin zuwa coci suka miƙe suna kallon gajimare. Hannu ɗaya kawai ya tsira, a sama, da kyamara a ciki. Wari ya bugi layi. Wani guntun rogo ya zauna masa a kafaɗa kamar lambar soja.

Kowa ya yi tsit, don babba ne. Sai muka ji tari ɗaya. Sai na biyu. Nsofwa ta nemi zaninta, ta ga agogo a hannu. Ta waiga ta ga wa za ta miƙa wa, ni kuwa na riga na ja gefe ina duban farcena. Tsohuwar motar dariyar nan ta tashi.

Abin da ba zan manta ba shi ne bai danna nan da nan ba. Yana zaune cikin ruwa har ƙugu, haɓarsa na rawa, ya kai kyamara ido ya jira. Ya san dariyar nan kamar yadda ya san hanyar rami. Ya bari ta wuce gangara, ta hau tudu, kai ya tafi baya, kallabi ya zame. Ƙas!

Ya ja hannun. Ba lamba a taga, sai wasu 'yan zane-zane da ke nuna an gama.

Ni aka bar wa ƙwanson. Na kai Ndola na tarar Ba'indiyen ya rasu, ɗansa ya juya abin a hannu ya ce injin irin wannan sun daɗe da kwance shi. Ya ce fim ɗin ma ya tsufa, zafi ya dafa shi, wataƙila ba abin da zai fito. Na zauna a kan kujerar kantinsa na ce to a kawo mini shayi, don nan zan tare. Kafin azahar ya tuna yana da ɗan'uwa a Harare.

Wata biyar ana jira. Wasiƙun Lombe suna zuwa, rubutun yana ƙara karkacewa, kowace da layi ɗaya a ƙarshe: ɓera bai cinye ambulan ɗina ba? A Disamba ya iso. Za ku so in ce ban buɗe ba. A tsaye na buɗe shi, a kantin ɗan Ba'indiyen.

Uku sun fito fari fat. Sauran duk sun yi ja-ja kamar an tsoma su a shayi. Ga zani da idanu biyu. Ga alƙali a gaban akurki. Ga ludayi a iska. Hoto na goma sha biyu yana ƙasa. A karkace yake, daga ƙasa aka ɗauka, ga jiƙaƙƙiyar gwiwar wando a kusurwa, agogon ya yi dishi-dishi don girgiza. A tsakiya ga Nsofwa, kai a baya, ido a rufe, baki a buɗe har maƙogwaro, rabin haƙorin nan yana ƙyalli a rana. Ɗan Ba'indiyen ya leƙo ya ce wannan ya lalace, ba sai an biya ba. Na ce masa ya ci gaba da sayar da batir.

Kwana biyu na yi a mota zuwa Luwingu. Na same shi a kujera a rana da bargo, ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Bai kai Kirsimeti na gaba ba, kuma ni ce na shafa wa danginsa farin gari a fuska a wurin makoki, na zage su har gwauruwar ta yi murmushi, kamar yadda ya wajaba a kan abokiyar wasa. Amma ranar nan da ransa, da bakinsa.

"An bar ɓeraye su shigo mota yanzu?"

"Na zo ganin biri ne a gidansu."

Na miƙa masa. Ya wuce sha ɗaya bai tsaya ba. Na sha biyun ya riƙe shi da hannu biyu, ya daɗe, har na je na gaisa da kaji.

Kafin Nsofwa ta dawo daga gona ya sa an buga ƙusa an rataye hoton a bangon falo, sama da hotunanta na kotu guda shida da ta jera da kanta. Ta shigo da fartanya a kafaɗa, ta rungume ni, ta ɗaga kai. Ta ajiye fartanyar.

"Baban Kangwa, sauke wannan abin."

"Ƙusar ta shiga da yawa."

"Kai ba kallabi! Baki kamar na kada! Nan fasto zai zauna, nan surukai za su zauna. Kuma wani ƙato a Harare ya riga ya ƙirga mini haƙora."

"Bai sha wahala ba, akwai ragi," na ce.

"Ke ki yi shiru, da ke aka haɗa baki. Hoton ma bai fita ba, duk a karkace. Wannan ba ni ba ce." Ta nuna shidan da ke ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, da yatsa mai ƙasar gona. "Ga ni nan. Ga ni nan. Mace mai kamun kai, wadda aka yi wa tarbiyya. In jikoki sun tambaya, waɗannan za a nuna musu."

Lombe ya gyara bargonsa. Ya jira tarin ya wuce. Abin da ya faɗa shi ya kashe maganar, kuma hoton yana nan a kan ƙusarsa har yau.

"Waɗancan duka surukar babata ce, Maman Kangwa, ina girmama ta ƙwarai. Wannan ta saman ita ce matata."